Inda yaro zai kwanta idan an je baƙunta

Idan tafiya ta taso, biki ne ko suna ko zuwa gida Sallah, kayan sawa ne ke cinye lokaci. A goge anko, a jera takalma, a nemo tsarabar kaka. Wurin kwanan ɗan shekara biyu kuwa sai bayan isha'i ake tuna shi, lokacin an ɗauke wuta, ɗaki ya cika da baƙi, shi kuma ya gaji har yana banƙarewa. A wannan lokacin duk inda aka samu nan ake ajiye shi: bakin gado mai tsawo, kan kushin, ko tsakanin yayyensa a tabarma dab da ƙofa. Yawancin abin da ke samun yara da dare a baƙon wuri, faɗuwa ce ko ƙuna ko cizon sauro, daga wannan ajiyewar ta gaggawa yake farawa.

Maganata a nan kan yaron da ya fara tafiya ce, daga shekara 1 zuwa 3. Jaririn da bai cika shekara ba ƙa'idarsa ta fi tsauri: a kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, babu filo, babu bargo mai nauyi. Wanda ya wuce nan yana iya juya kansa idan wani abu ya rufe masa fuska, amma kuma ya yi ƙafa. Yana sauka, yana hawa, yana tura ƙofa, alhali bai san rijiya ba, bai san garwashi ba.

Don haka ki duba wurin kwanansa tun da sauran haske, kafin magariba, kuma ki duba shi daga ƙasa. Durƙusa ki sa idonki daidai tsawonsa, domin abin da babba ba ya gani a tsaye shi yaro ke fara gani. Ƙarƙashin gadon kaka za ki iya tarar da maganin ɓera a murfin gwangwani. Gefen filo akwai ƙwayoyin hawan jini da na suga, waɗanda ɗaya ko biyu daga cikin wasunsu sun isa su sumar da yaro mai kilo 12. Bayan ƙofa akwai kalanzir ko fiya-fiya a robar lemo, kuma shi lemo ya sani. Akwai goro da gyaɗa da allurar hijabi, akwai cazbaha mai dannawa wadda ƙaramin batirinta mai kama da maɓalli, idan ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa 2. Duk a kwashe a kai saman sif. Bokiti da baho a juye ruwansu. Ruwan da zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya halaka yaro idan ya faɗa da ka, saboda kansa na rinjayarsa, kuma ba ya samun damar yin ihu. Rijiya a rufe ta a ɗora abu mai nauyi. Gidan da ya daɗe ba ƙaramin yaro a cikinsa, kamar gidan tsofaffi ko ɗakin amarya, shi ya fi buƙatar wannan dubawa, ba don sakacin masu gidan ba, sai don sun saba ajiye komai a ƙasa.

Ƙasa ta fi gado

A ganina babu shimfiɗar da ta kai katifa a ƙasa ga yaron wannan shekarun. Gadajen yanzu, musamman na ɗakin amare, an ɗora musu katifa mai inci 10 ko 12 a kan katako mai tsawo, ƙasa kuma tayal. Yaron da ya saba da gadon gidansu jikinsa ya san inda bakin gado yake. A baƙon gado bai sani ba, kuma waɗannan yaran juyi suke kamar hannun agogo, ya kwanta kansa gabas ya wayi gari kansa yamma. Jera filo a bakin gado ba ya tsare komai, yana hayewa ta kai ko ya ture shi su faɗo tare.

Katifar 'yan makarantar kwana, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, tsawon ƙafa 6, kaurin inci 3 zuwa 4, ta ishe ku ke da shi a gefe, kuma tana naɗuwa a ɗaure da igiya a sa a but. Idan ba za a iya ɗaukar ta ba, a nemi a sauke katifar gadon da aka ba ku ƙasa. A fara shimfiɗa tabarma ko leda saboda sanyin siminti da danshi, sai katifa, sai ledar fitsari, sai zanen gado a ja shi sosai a cusa bakinsa ƙarƙashi. Ledar fitsari kada a bar ta a sama tsirara, tana sa gumi da ƙurajen zafi, kuma mai laushi irin ta kanti tana iya manne wa yaro a fuska. Mai kauri ake so. Katifar iska da ake hurawa ba na ba da shawararta, domin idan ta fara sacewa cikin dare tsakiyarta ke lotsawa, yaro ya gangara ƙarƙashin babba.

Akwai abin da ake yawan kuskurewa game da bango. Uwa takan ce bari in sa shi ta jikin bango don kada ya faɗo. Dabara ce mai kyau idan katifa ta manne da bango tsaf. Idan akwai rata, ko da faɗin tafin hannu ce, jikin yaro na iya zurmawa ciki ya bar kansa a sama, ko ya faɗa da fuska ya kasa fitowa. Haka ratar da ke tsakanin katifa da allon gado, da wadda ke buɗewa idan an haɗa ƙananan gadaje biyu a otal. Ki gwada da hannunki: in hannu ya shige a kwance, ko dai a tura gadon har ya manne, ko a cike ratar da tawul ko bargo da aka naɗe tamau har ya zo daidai da saman katifa, ko kuma a haƙura da gadon a koma ƙasa. Kushin ma haka yake, lungun da ke tsakanin mazauni da majingina tarko ne, kuma ya fi muni idan babba ya kwanta tare da yaron barci ya sace su. Saman gado mai hawa biyu ba na wanda bai kai shekara 6 ba ne.

Idan duk da haka ya faɗo ya bugi kai, ki lura da shi kwana ɗaya cur. Amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba a iya tashinsa daga ciki, jijjiga, jini ko ruwa daga hanci ko kunne, tangaɗi a tafiya, kowanne daga cikinsu asibiti ne a wannan daren, ba a jiran safiya.

Yawancin yaranmu tare da uwa suke kwana, kuma tafiya ba lokacin canza wannan ba ce. Abin lura shi ne wa ke ɗaya gefen. Kada a sa shi tsakanin manya biyu da ba su saba kwana da yaro ba, ko kusa da wanda ya sha maganin mura mai sa barci, ko direban da ya wuni a kan hanya. Kada a tura shi cikin garken yara 'yan shekara 7 da 8, masu barcin da ko ganga ba ta tashe su. A ɗakin biki, inda mata goma ke kwance a ƙasa, ki kama kusurwar da ta fi nisa da ƙofa tun da wuri, ki sa shi ta ciki ke ta waje, saboda masu fita kewaye cikin duhu da masu tashi asuba. Ki duba abin da ke samansa: akwatunan da aka jibga, madubi da aka jingina, fulas na ruwan zafi a kan durowa, dutsen guga, wayar caji mai lilo. Kaskon turaren wuta a fitar da shi kafin a kwanta.

Nan kunya kan shigo. Gidan surukai ne, ba kya son a ce kin zo da fi'ili, ko ɗan fari ne ana sa ran ki kau da kai daga gare shi. Ba sai kin yi dogon bayani ba. "Hajiya, don Allah ko za a sauke masa katifa ƙasa? Juyi ne da shi," ya isa, kuma tsofaffi sun fi kowa sanin wannan. In ba za ki iya faɗa ba, ki bi ta bakin maigida ko ƙanwarsa. Da rana kowa ya ɗauke shi, amma daren farko ya kwana kusa da wanda ya saba da shi. Yara tsakanin shekara 1 da 2 ƙiwarsu ta fi ƙarfi, kuma wanda ya yi wasa da kakarsa wuni guda yana iya farkawa ƙarfe biyu ya ga baƙuwar fuska ya tashi gidan duka.

Masu tunanin sayen gadon tafiya mai naɗewa, irin mai bangon raga, su fara duba takardar da ke jikinsa. Yawanci iyakarsa kilo 13 da rabi zuwa 15, ko tsawon santimita 89, ko ranar da yaro ya fara ɗora ƙafa a kan bakinsa, duk wanda ya riga zuwa. Matsakaicin ɗan shekara 2 yana da kimanin kilo 12 da tsawon santimita 87, kin ga saura ƙiris ya fi ƙarfinsa. Ga mai wata 12 zuwa 20 yana da amfani, ga wanda ya wuce nan kuɗin katifa ya fi. Wajen kafa shi, a bar tsakiyar ƙasansa a ɗage, a ja kowane gefe huɗu sama har a ji ya yi ƙas, sannan a danna tsakiyar ƙasa. In aka fara danna ƙasan, gefunan ba za su kulle ba, kuma gefen da bai kulle ba yana iya rufewa a wuyan yaro. Katifarsa siririya ce da gangan, kada a ƙara masa soso ko bargo don tausayi, ƙarin ne ke buɗe rata a jikin raga. Na gwanjo a duba ragar da makullan sosai. Sannan a kwantar da yaron a ciki dare biyu ko uku a gida kafin tafiya, in ba haka ba ranar farko zai ƙi shi ƙememe.

Sauro, zafi, sanyi

Ki tafi da gidan sauronki, kada ki dogara da na masauki. Sau da yawa nasu guda ɗaya ne, ko ya yage, ko babu ƙusar ratayewa. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 su cutar ta fi kashewa. Yaron da ya tashi a gida mai raga a taga, sannan aka kai shi ƙauye kusa da fadama da damina, ya shiga wurin da cizon ya ninka wanda ya saba.

In sabo ne mai magani, a buɗe shi a shanya a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, don haka wannan aikin gida ne kafin tafiya. Wanda aka fasa ledarsa a daren yakan sa zafin fuska da ƙaiƙayi. A sa igiya mai ƙwari kamar mita 10 da ƙusoshi huɗu a jaka, ko a zaɓi mai zobe wanda ƙugiya ɗaya yake buƙata. A rataye shi ƙasa-ƙasa yadda bakinsa zai shige ƙarƙashin katifa da aƙalla faɗin hannu ta kowane gefe, domin wanda ke lilo a iska ƙofa ce ga sauro, kuma yaro mai juyi zai naɗe kansa a ciki. Ragowar igiya a ɗaure ta can sama inda hannunsa ba ya kai. A kwantar da shi tsakiya, don in fatarsa ta jingina da raga ana cizonsa ta waje, musamman a irin mai kama da tanti, wanda da yawansu ba su da magani. Bayan an shiga a haska tocila a kusurwoyi a kashe wanda ya riga shiga. Huda ƙarama a ɗaure ta ko a ɗinke a take.

Tsakanin magariba da kwanciya, lokacin da ake hira a tsakar gida, a sa masa riga mai dogon hannu da wando da safa. Man shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ana iya shafa wa yaron wannan shekarun a ƙafa da damtse, ban da tafin hannu da kewayen ido da baki. Maganin feshi a fesa ɗaki babu kowa, a rufe kamar rabin awa, a buɗe ya sha iska wata rabin awar kafin a shigo da shi. Maganin sauro na kunnawa hayaƙinsa na tayar da tari da asma, kuma gefen katifa da gidan sauro wuta ce ke jira. Fiya-fiya kuwa guba ce ta gona, ba ta ɗakin kwana ba. Idan tafiyar ta faɗo a watannin da ma'aikata ke bi gida-gida suna raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi na damina, ki tafi da katinsa da ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku, kada su yanke.

Shimfiɗar ƙasa tana da abokan gabarta, wato kunama da kiyashi, a wasu wuraren har da maciji. Sunnar kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya a nan take nuna amfaninta a fili. A ɗaga katifa a duba ƙarƙashi, a kakkaɓe zani da bargo da takalmin yaro, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a kwashe ragowar abinci. Gidan sauron da aka cusa da kyau yana tare yawancin waɗannan. Kuɗin cizo kuma a neme shi a ɗinkin katifa da tsagar katako: ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro, ko ɗigon jini a zanen gado. In an gani, ledarki da zaninki ba za su hana shi ba, a canza ɗaki ko shimfiɗa, jaka kuma kada ta kwana a kan gadon.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗakin kwano da aka rufe ruf yana iya galabaitar da yaro. Singileti na auduga da kunzugu sun isa. A yi masa wanka dab da kwanciya, a ba shi ruwa, a ajiye wani kusa. Fanka mai caji ita ce kayan tafiya mafi daraja a wannan lokacin. A cika cajinta da rana, a ajiye ta wajen gidan sauro inda yatsunsa ba za su kai ba. Don sanin ko zafi ya yi masa yawa, ƙeyarsa da ƙirjinsa za ki taɓa, ba hannu da ƙafa ba. Cunkoson mutane a ɗakin da ba iska shi ne kuma yanayin da sanƙarau ke yaɗuwa a wannan lokacin na shekara, don haka in za a kwana tsakar gida ya fi, muddin da gidan sauro, an rufe rijiya, an ɗaure dabbobi, kuma akwai mayafi a kusa saboda sanyin asuba. A otal mai na'urar sanyaya ɗaki, digiri 24 zuwa 26 ya wadatar, kada iskar ta riƙa dukansa kai tsaye, kuma ki san yadda ake buɗe taga tun kafin a ɗauke wuta.

Hunturu ne ya fi ba ni tsoro, saboda hanyar da ake bi wajen korar sanyin. Garwashi a ɗakin da aka rufe yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da hayaƙi ya ƙare, kuma ƙaramin yaro take fara kayarwa. Janareto ma ita yake fitarwa. Idan masu gida suka shigo da shi soro ko baranda ko ƙarƙashin taga saboda ɓarayi ko ruwan sama, wannan ba wurin kunya ba ne, a yi magana. Wurinsa waje ne a sarari, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kamar taku takwas na babba, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da ɗaki. Alamar shaƙar iskar gubar ita ce ciwon kai, jiri, amai da kasala, kuma abin da ke tona ta shi ne mutum biyu ko uku su ji haka lokaci guda. A fitar da kowa sarari nan take a nufi asibiti. Madara da manja ba sa warkar da ita. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida lokacin barci, kuma wannan ya haɗa da kyandir da aci-bal-bal. Sanyi da tufafi ake maganinsa: riga biyu ko uku marasa nauyi, ɗaya fiye da abin da ke jikinki, da safa, da man kaɗanya a jiki. Bargo ya tsaya a ƙirji. Sarƙa, laya mai igiya, hula mai maɗauri da hijabin yarinya duk a cire.

Me ya sa ya ƙi barci

An gyara wuri tsaf, amma ya ƙi kwanciya. Dalili na farko gajiya ce. Mutane na ɗauka in yaro ya wuni yana wasa zai faɗi kamar buhu, alhali wanda ya wuce lokacin barcinsa jikinsa ƙara tashi yake, ya yi ta guje-guje da rigima, in ya kwanta kuma ya riƙa farkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Daga wajen wata 18 yawancinsu barcin rana ɗaya suke yi, awa 1 zuwa 2 bayan azahar. Wannan barcin shi ne ke fara salwanta ranar biki. Ki kare shi ko ta wace hanya, goyo ma barci ne, minti 45 a baya sun fi babu. Sai dai kada ya zarce la'asar sakaliya, in ba haka ba sha biyun dare zai yi ido biyu. Lemon kwalba mai launin baƙi da shayi suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, kuma a gidan biki kowa miƙa masa yake. Daga la'asar a tsayar. Waya ma a karɓe awa guda kafin kwanciya.

Dalili na biyu, bai ga alamun da ya saba gani ba. Yaro ba agogo yake bi ba, jerin abubuwa yake bi. In a gida wanka ne, sai shafa mai, sai kunu ko nono, sai addu'a, sai a kashe fitila ana bubbuga bayansa, to a yi su a haka, a wannan jerin, cikin minti 20 zuwa 30, ko da a lungun ɗakin mutane ne. Ki tafi da zanen gadon da ya kwana a kai dare biyu ba a wanke ba, da zanen goyonsa, da abin da yake riƙewa in yana da shi. Ƙamshin gida na kwantar masa da hankali fiye da sabon zani mai sitaci. Ki kai shi wurin kwanan da rana ya zauna ya yi wasa a kai, ki ce masa nan za mu kwana, ya fi fahimta fiye da yadda ake zato. Addu'ar da Annabi ke yi wa Hasan da Husaini, da wadda ake karantawa idan an sauka a masauki, in ya saba jin su a bakinki, su ma suna cikin alamun. Ƙarar fanka na rufe hayaniyar tsakar gida, kuma zani mai duhu a taga na hana hasken fitilar waje.

Kada a haɗa tafiya da wani sabon abu. Ba lokacin koya masa fo ba ne, ba lokacin raba shimfiɗa ba ne, kuma wanda ya daina fitsarin kwance kwanan nan yana iya komawa, a sa masa kunzugu ba tare da faɗa ba. Al'adar kai yaro yaye gidan kaka tana haɗa masa rashi uku a dare ɗaya: nono, uwa, da ɗakin da ya sani. In za a yi, ya fi sauƙi uwa ta je tare da shi ta yi kwana uku ko huɗu, ya saba da ɗakin da shimfiɗar da hannun kakar, a rage shayarwar dare a hankali kafin ta tafi.

Wani lokaci, awa 2 ko 3 bayan ya yi barci, zai zabura da ihu, ido buɗe amma ba ya gane ki, yana ture ki, yana gumi. Nan take za ki ji ana cewa baƙon wuri ne, a kawo kaza a kawo kaza. Yawanci firgitar barci ce, gajiya da canjin wuri ke tayar da ita, takan wuce cikin mintuna kaɗan, da safe kuma bai san an yi ba. Kada a girgiza shi, kada a ɗura masa komai a baki, kada a turara masa hayaƙi. Ki zauna kusa, ki kare shi daga buguwa, ki yi addu'arki a hankali. Abin da ya bambanta ta da jijjiga shi ne a jijjiga jiki na sandarewa ko karkarwa, ido na kafewa, sau da yawa da zazzaɓi. Wannan a kwantar da shi ta gefe a tafi asibiti.

Maganin sa barci kuwa, don Allah a bari. Phenergan an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba domin yana iya tsayar da numfashi. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, kuma wasu yaran maimakon barci sai ya ƙara birkita su. Maganin tari mai kodin ba na yara ba ne sam, gwamnatin Nijeriya ma ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018. Yaron da aka bugar da magani ba ya iya ɗaga kai idan wani abu ya rufe masa hanci.

A kan hanya, fita bayan asuba ta fi, saboda sanyin safiya da tsaro, kuma a isa da sauran rana a duba masauki. Tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, in aka bar shi ya yi ta barci tun daga tasha, daren nan babu barci. A tsaya duk bayan awa 2 a sauke shi ya taka ƙasa. Wurinsa kujerar baya, cikin kujerar yara mai bel in akwai. A motar haya a kwance goyo kafin a zauna, kada a matse shi tsakanin baya da kujera, kuma in da hali a biya masa kujera guda. In kansa ya faɗo haɓa ta taɓa ƙirji a gyara masa. Kada a bar shi a mota don yana barci, ko da sallah za a yi a dawo: cikin minti 10 zafin motar da aka rufe kan ƙaru da kusan digiri 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Masu zuwa Umara su tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, na Sudan da awa 1, na Gana kuma yana baya da awa 1. Nijar da Chadi da Kamaru daidai suke da Nijeriya. A riƙa matsar da lokacin kwanciyarsa da rabin awa kowace rana, a fito da shi hasken safiya, cikin kwana uku ko huɗu zai daidaita.

Bayan an dawo, a koma tsarin gida tun daren farko, zai yi rigimar dare biyu ko uku ya haƙura. Kayan da aka kwana da su a wanke da ruwan zafi a shanya a rana kafin su shiga ɗaki, saboda kuɗin cizo a ɗinkin jaka yake biyo mutane. Zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa a ranar cizo, sai bayan kwana 7 ko fiye, galibi kwana 10 zuwa 15, lokacin an manta da tafiyar. Duk zafin jikin da ya taso a makonnin nan a kai shi a yi gwajin jini cikin awa 24, kuma a faɗa wa ma'aikacin lafiya garin da aka je da kwana nawa aka yi.